Yadda ake haɗa kallon gari da ɗanɗanon abinci a doguwar tafiyar mota

Akwai tafiyar da mutum zai yi kwana biyar a hanya, ya ratsa garuruwa ashirin, ya dawo gida a ce masa me ka gano, ya rasa abin faɗa. Abin da ya rage masa a kai bai wuce bayan wata tirela da ya bi awa biyu ba, sai biskit ɗin gidan mai da ciwon ƙugu. Ya wuce koguna da duwatsu da kasuwanni da tukwanen da ba zai sake samun irinsu ba, duk saboda ya ɗauka nisan da ya ci shi ne ribar tafiyar. Wanda yake son idonsa ya gani, harshensa kuma ya ɗanɗana, dole ya juya lissafin: hanya ce za ta bi bayan abin gani da abin ci, ba su ne za su bi bayan hanya ba. Ga yadda nake tsara tawa.

Mataki na farko: ka rage nisan kowace rana tun kana gida

Nan ne yawancin mutane suke faɗuwa. Ka buɗe taswirar waya, ta ce maka tsakanin nan da can awa bakwai ne, sai ka rubuta awa bakwai. Wannan lissafin na motar da ba ta shan mai ne, ba ta tsayawa a shingen bincike, kuma babu mai jin fitsari a cikinta. Ka ƙara aƙalla kashi ɗaya bisa uku a kan duk abin da wayar ta faɗa, sannan ka ga ko har yanzu ranar tana da wurin da za a saka abin kallo.

A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta hana direban babbar mota, wanda tuƙi ne sana'arsa, ya wuce awa 9 a rana sai a wasu ranaku ƙalilan, kuma bayan awa huɗu da rabi wajibi ne ya huta minti 45. To kai da ka fito buɗe ido, me ya kai ka awa goma sha biyu a kan sitiyari? Ni awa biyar nake yanka wa kaina, shida idan ta kama. Abin da ya saura na ƙafa ne da ciki.

Bayan kowace kwana uku kuma ka bar rana guda wadda ba za a tayar da mota ba sam. A irin wannan ranar ce ake sanin gari. Sauri ya haifi nawa.

Mataki na biyu: kowace rana abin gani ɗaya, abinci ɗaya

Ka ɗauki takarda, ka jera ranakun. A gaban kowace rana ka rubuta abu biyu kacal: wurin da ba ka yarda ka wuce ba tare da ka gan shi ba, da abincin da ba ka yarda ka bar yankin ba tare da ka ɗanɗana ba. Sauran duk ƙari ne, in an samu madalla.

Wannan haɗin na mota da abinci ba sabon abu ba ne. A shekarar 1900 wasu 'yan'uwa biyu masu kamfanin taya a Faransa, André da Édouard Michelin, suka fitar da wani ɗan littafi suna rabawa kyauta ga masu mota. Ya ƙunshi taswira, da inda ake samun mai, da makanikai, da masaukai. Burinsu mutane su yawaita tafiya, taya ta cinye, a sayi sabuwa. Daga baya littafin ya koma auna gidajen abinci, aka fara ba da tauraro a 1926. Abin da ya fi burge ni shi ne ma'anar taurarin, domin da harshen matafiyi aka rubuta ta: tauraro biyu na nufin girkin ya cancanci ka yi ratse dominsa, uku kuma ya cancanci ka ɗaura niyyar tafiya takanas. Ba sai ka shiga irin waɗannan gidaje masu tsada ba, amma ma'aunin yana da amfani ga kowa. Duk abin da aka yaba maka, ka tambayi kanka: wannan na tsayawa ne in na zo wucewa, ko na ratse ne, ko kuwa shi ne ma dalilin fitowata?

Wajen zaɓen abin gani, jerin wuraren tarihi na UNESCO, hukumar ilimi da kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mafari ne mai kyau. An soma shi a 1978, yanzu ya haura wurare dubu a faɗin duniya. Sai dai kada ka tsaya nan. Gadar da ke kan babban kogi, tudun da ake hango gari gaba ɗaya daga kansa, kasuwar da ke ci rana ɗaya a mako, unguwar masu sana'ar hannu, waɗannan ba su cika shiga jeri ba, kuma sau da yawa su ne ke zama a rai. Ka kuma binciki ranakun buɗewa kafin ka tsara hanya. Gidajen tarihi da yawa a duniya suna rufewa ranar Litinin, Louvre na birnin Paris kuwa ranar Talata yake rufe. Babu takaicin da ya kai ka yi ratsen kilomita tamanin ka tarar da kwaɗo a ƙofa.

Mataki na uku: mota

Wannan a taƙaice, domin makanikenka ya fi ni sani. Kai ta a duba mako guda kafin tashi, ba jajibiri ba, saboda in an canja wani abu ka samu kwanakin gwada shi. Birki, baƙin mai, ruwan lagireto, batir, fitilu, da abin share gilashi. Safaya da jak da sifanar taya, ka fito da su ka gani da idonka.

Taya ce kawai zan ɗan tsaya a kanta. A gefenta akwai rubutun da ya fara da DOT, ƙarshensa lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2321, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2021. Taya tana tsufa ko ba a hau ta ba, roba ta bushe ta tsattsage, kuma zafin kwalta da nauyin kaya su ne ke tona asirinta. Wadda ta kai shekara goma ba ta doguwar hanya ba ce, komai kyan zanenta. Iska kuma da safe ake aunawa kafin taya ta ɗau zafi, adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba a yawancin motoci.

In za ka tsallaka iyaka, ka tabbatar da takardun mota da inshora da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa. Ka sauke taswirar yankin a wayarka yadda za ta yi aiki ko babu intanet, domin wuraren da suka fi kyan gani su ne sabis ya fi ɗaukewa.

Mataki na huɗu: ka koyi karanta ƙasa ta gilashin mota

Wannan shi ne abin da ya fi komai daɗi a wurina, kuma shi ne ya sa mota ta fi jirgi. Abincin kowane yanki a shimfiɗe yake a gefen titi tun kafin ka isa gari. Gonakin da kake wucewa, me aka shuka? Dabbobin da ke tsallaka titi, shanu ne ko awaki ko tumaki? Me aka baza a rana yana bushewa? Me aka tsibe a bakin hanya ana sayarwa, tsibi bayan tsibi har na kilomita goma? Inda ka ga jiragen kamun kifi a ɗaure, ka nemi kifi. Inda makiyaya suka yi yawa, madara da abin da ake yi da ita su ne gwanintar mutanen. Yankin da yake da zafi da ƙarancin ruwa za ka ga sun ƙware a busarwa da gishirtawa da ƙyafewa, domin haka kakanninsu suka adana abinci kafin zuwan firji. Yankin sanyi mai dogon hunturu kuma sai ka tarar da abinci mai tsami da mai maiƙo.

In ka saba da wannan, kallo da ci za su zama abu ɗaya. Tudun da ka hau da safe, shi ne ya sa rafin ya gangaro ta can, rafin ya sa aka yi lambu, lambun ya kawo ganyen da ke cikin kwanonka da dare. Shi ya sa nake ƙin in shiga gari in nufi gidan abincin da ke da reshe a kowane birni. Wanda ya yi haka ya kai jikinsa wani wuri, ya bar cikinsa a gida.

Mataki na biyar: tambaya, da wanda ya kamata a tambaya

Matambayi ba ya ɓata, amma tambayar ma tana da hanya. In ka ce wa mutum “ina gidan abinci mai kyau?” zai dube ka, ya ga baƙo ne, ya tura ka inda yake zaton baƙi suna so: wuri mai kujeru masu laushi da abincin da kake da irinsa a gida. Sai ka canja tambayar. “Malam, kai in yunwa ta kama ka da rana, ina kake zuwa?” Ko kuma: “Baba, in ɗanka ya daɗe ba ya gari, wane abinci yake fara nema in ya dawo?” Wannan ta biyun ba ta taɓa ba ni kunya ba. Fuskar mutum tana sakewa, ya fara kwatance da hannu.

Mai faci, mai ba da mai, mai gadin masauki, matar da ke sayar da kayan miya, direbobin manyan motoci, waɗannan su ne masana. Direbobin nan musamman: suna bin hanya ɗaya shekara da shekaru, kuma wurin da ya taɓa ɓata musu ciki ba sa komawa. Taurarin da mutane ke bayarwa a intanet suna da amfani, amma ka tuna yawanci baƙi irinka ne suka rubuta. In mutum biyu da ba su san juna ba suka ambaci wuri ɗaya, ka nufi can.

Mataki na shida: ka tsaya ka kalli tukunyar kafin ka zauna

Minti biyu na kallo sun fi kwana biyu na jinya. Na taɓa tsayawa a gefen wata gada inda wata mata ke suyar kifi. Ban yi magana ba, na tsaya daga gefe. Tana ɗauko kifin daga ruwa, ta jefa a mai yana ƙara, ta juya, ta kwashe, kafin ya huce an saye. 'Yarta ce ke karɓar kuɗi, ita hannunta bai taɓa kuɗi ba ko sau ɗaya. Wuƙar da ta yanka ɗanye da ita tana gefe guda, ba ta kai ta kan soyayye. Babu tebur, babu rubutu, amma na ci da kwanciyar hankali. A wata tafiyar kuma na zauna a wani ƙawataccen wuri, aka zubo mini shinkafa daga babban kwanon da ke ajiye da ɗumi-ɗumi tun safe, na ji a raina bai dace ba, amma kunya ta hana ni mayarwa. Kwana biyu na tafiyar a ɗaki suka ƙare, abokan tafiyata ma suka rasa nasu kwanakin saboda ni.

Dalilin a fili yake. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa da sauri a abincin da zafinsa ke tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Selshiyos. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye haka nan, ba a wuta ba, ba a sanyi ba. Ɗumi-ɗumi shi ne abin tsoro. Shinkafa ma tana da nata sharrin: akwai ƙwayar da ke tsira daga dahuwa, in aka bar shinkafar ta huce a hankali sai ta farfaɗo ta saki guba, kuma sake ɗumamawa ba lallai ya kashe gubar ba.

Saboda haka ka nemi abin da aka sauke a gabanka yana tururi. Ka nemi wurin da layi yake, musamman in ka ga mata da yara da tsofaffi a ciki, domin inda ake ciniki abinci ba ya kwana. Ka ci a lokacin da mutanen garin ke ci, ko da bai zo daidai da naka ba. Wanda ya zo bayan an watse, ƙasan tukunya zai samu. 'Ya'yan itace, ka fi ba da ƙarfi ga wanda za ka ɓare da hannunka. Ɗanyen ganye da ƙanƙarar da ba ka san da wane ruwa aka yi ta ba, ka haƙura. Ruwan sha ya zama na kwalba mai hatimi, ko wanda ya tafasa sosai na minti ɗaya. Hannu kuma da sabulu, daƙiƙa 20, kafin a kai baki.

In akwai abin da addininka ko lafiyarka suka hana ka, ka koyi yadda ake faɗinsa da harshen mutanen yankin, ko ka sa a rubuta maka a takarda ka riƙa nunawa. Kada ka tambayi sunan abincin kawai. Ka tambayi man da aka soya da shi da romon da aka dafa da shi, a nan abubuwa suke ɓuya.

Mataki na bakwai: da rana ɗanɗano, da dare ci

In da abu ɗaya za ka riƙe daga wannan rubutu, wannan ne nake so ya zama. Jikin ɗan Adam yana da lokaci biyu da barci ke rinjayarsa: tsakar dare zuwa asuba, da kuma bayan rana ta take, wajen ƙarfe biyu zuwa huɗu. Ka ɗora cikakken ciki a kan wannan, da sanyin na'urar mota, da miƙaƙƙiyar hanya, ka haɗa wa kanka tarko. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Gyangyaɗin daƙiƙa huɗu ya isa ta yi tafiyar da ta fi tsawon filin ƙwallo babu mai riƙe da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara. Kwaɗayi mabuɗin wahala, a kan titi kuwa wahalar ba ta direba kaɗai ba ce.

Ga tsarin da ya warware mini matsalar. A tashi da sassafe bayan an yi barci sosai, a ci mafi yawan nisan ranar kafin rana ta yi tsaka. Da rana a tsaya a ɗanɗana: ku huɗu ku sayi kwano uku daban-daban ku haɗa hannu, kowa ya ji ɗanɗanon uku, babu wanda ya yi nauyi. Daga nan a shiga kallo da ƙafa, a daidai sa'o'in da tuƙi ya fi haɗari. Tafiyar ƙafa tana narkar da abinci, ido kuma yana samun rabonsa. Sai a ƙarasa ɗan abin da ya rage, a isa masauki da sauran haske. Babban abincin yankin, wanda ka rubuta a takardarka, a ajiye shi sai an kashe mota an zare makulli.

A tsakani, kowace awa biyu a tsaya minti goma sha biyar, a sauka a miƙe ƙafa. In barci ya zo duk da haka, buɗe gilashi da ƙure rediyo ba sa korarsa. Ka sami wuri amintacce ka faka, ka sha kofi ko shayi mai ƙarfi, ka runtsa minti goma sha biyar zuwa ashirin; kafin ka farka abin da ka sha ya fara aiki. In akwai direba na biyu, ku yi karɓa-karɓa, kuma wanda zai karɓi sitiyari shi ne zai fi sassauta ci.

Tuƙin dare a hanyar da ba ka sani ba, ni dai na daina. Ban da haɗarinsa, asara ce: duk abin da ka wuce cikin duhu ba ka gan shi ba.

Mataki na takwas: yadda ake shiga wurin mutane

Haske ya fi kyau da hantsi da kuma gab da faɗuwar rana, taron jama'a ma ya fi sauƙi a lokacin. In ka isa wuri, ka bar wayar a aljihu na ɗan lokaci, ka fara gani da idonka. Kada ka ɗauki hoton mutum, ko na kayan sana'arsa, sai ka nemi izini. In ya ƙi, ka yi godiya ka wuce. Wuraren ibada da maƙabartu kowanne da ƙa'idarsa ta sutura da takalmi, ka tambaya daga ƙofa. Gine-ginen soja da na gwamnati, har da wasu gadoji, ƙasashe da yawa sun hana ɗaukar hotonsu. Inda akwai ɗan jagora na wurin, ka ɗauke shi. Bango ba ya magana, sai an sami mai ba da labarinsa.

In aka ba ka abin da bai yi maka ba, kada ka yatsina fuska. Abin da kake gani baƙo, da shi wata uwa ta raini 'ya'yanta. Loma biyu da godiya sun wadatar.

Mataki na tara: abin da zai zauna a but

Ruwa mai yawa, fiye da yadda kake zato. Kula mai ƙanƙara, a ajiye ta a inuwa, a rage buɗe ta. Sabulu, 'yar wuƙa, cokula, ledar shara. Busasshen guzuri na ranar da hanya ta yi tsawo babu gari. Maganin da kake sha kullum, ya zauna a jakar hannu, ba cikin motar da ta kwana a rana ba. Sai ƙunshin gishiri da sukari na gudawa. In ya ƙare, ana haɗawa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A riƙa kurɓa a hankali. In an ga jini, ko zazzaɓi mai zafi, ko amai ya hana ruwa zama, ko kuma yaro ne ko tsoho, a nemi asibiti mafi kusa, a bar maganar jadawali.

Mataki na goma: tsaraba da hanyar dawowa

Tsarabar abinci a ƙarshen tafiya ake sayenta, kuma busasshe ya fi: kayan ƙamshi, zuma, hatsi, abin da zafin mota ba zai lalata ba. In akwai iyaka a gabanka ka bincika tukuna. Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da madara daga yawancin ƙasashen waje, Chile tana tsananta bincike kan 'ya'yan itace da iri, har a cikin Amurka jihar Kalifoniya tana da shingayen duba kayan gona a hanyoyin shigarta. Abin da kake shakka a kansa, ka bayyana shi da bakinka kafin a gano.

Kowane dare, kafin barci, ka rubuta layi uku a ɗan littafi: sunan abincin yadda masu shi suke faɗa, garin, da abin da mai girkin ta ce tana sakawa. Bayan wata biyu hotunan wayarka za su cakuɗe, ka kasa tuna wane kwano ne na wane gari. Sannan in taswira ta ba da dama, kada ka dawo ta hanyar da ka je. Ka duba ko akwai wata da ta bi ta gefen kogi ko ta gindin duwatsu, ko da ta ƙara maka rabin yini, ka sake ɗauko takardar nan ka rubuta mata nata abin gani ɗaya da nata abinci ɗaya.